Yadda ake shiga mashayar unguwa a Ingila, a ci a sha a fito ba a yi abin kunya ba

Ranar Juma'a da misalin biyar na yamma, a kusan kowane ofis da kowace jami'a ta Ingila, ba a rasa wanda zai rufe kwamfutarsa ya miƙe ya tambaya wa zai je fob. Fob ɗin nan shi ne abin da suke rubutawa pub, gajeren sunan gidan jama'a. Bahaushen da ya zo karatu Sheffield ko aikin asibiti a Birmingham yakan samu wannan gayyata tun bai gama sanin hanyar gida ba, kuma hoton da ke faɗo masa a rai shi ne gidan giyar bayan gari, jar fitila da kiɗa mai kashe kunne. Mashayar unguwa a Ingila ba haka take ba. Ta fi kama da majalisar ƙofar gida wadda sanyi ya kora cikin ɗaki: ga dattijo da jaridarsa, karensa kwance a gindin kujera, ga mata uku sun taso daga aiki, ga magidanci da iyalinsa suna cin abinci, can ƙurya kuma samari na musun ƙwallo.

Duk da haka giya ce jarin gidan, ba kuma zan ɓoye wannan ba. Akasarin masu karanta wannan rubutu Musulmi ne da ba sa sha, kuma malamai da yawa suna hana ko da zama a teburin da ake sha a kansa. Wanda ya tsaya a kan wannan, sai ya faɗa wa abokan aikinsa kai tsaye cewa addini ne ya hana shi, ya kawo shawarar a haɗu gidan shayi wata rana; Turawan Ingila ba sa ja-in-ja a kan irin wannan. Wanda kuma ya ga zai shiga don cin abinci, ko sallamar abokin aiki da zai bar wurin, ko kallon wasa, da kuma 'yan'uwanmu da addininsu bai hana su sha ba, su na rubuta wa wannan. Dokokin gidan ba a manna su a bango ba, babu kuma mai faɗa maka su. Sai ka taka ɗaya ka ji an yi maka shiru irin nasu.

Da farko, a zaɓi gidan

Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai manyan kamfanoni masu rassa ɗaruruwa irin su Wetherspoon, inda kaya ke da araha, wuri ke da faɗi, har kana iya yin oda ta waya daga mazauninka. Ba laifi ga mai neman cika ciki, amma ba nan ake jin ɗumin unguwa ba. Akwai gidan da ke ɗaure da masana'antar giya guda, kayanta yake sayarwa. Akwai kuma wanda za ka ga an rubuta free house a jikinsa. Kada ka ɗauka kyauta ake rabawa. Ma'anarsa mai gidan yana da 'yancin sayo kaya daga inda ya ga dama, kuma galibi a irinsa ake samun giya iri-iri daga ƙananan masana'antu.

Mai neman ainihin abin, hanya mafi sauƙi ita ce ya bi sawun CAMRA, ƙungiyar masu kare giyar gargajiya. Wasu mutum huɗu ne suka kafa ta a 1971, suna cikin yawon hutu a Ireland, saboda takaicin yadda manyan kamfanoni suka cika mashayu da giya mai gas marar ɗanɗano, ta gargajiya kuma tana neman ɓacewa. Kowace shekara tana fitar da kundin gidajen da mambobinta suka yaba, Good Beer Guide, kuma gidan da ya shiga yakan manna takardar shaida a tagarsa. A Sheffield, alal misali, unguwar Kelham Island da a da masana'antun ƙarfe suka cika ta, yau masu wannan sha'awa har daga wasu garuruwa suke zuwa mata. Kelham Island Tavern ta ci kambun gwarzuwar mashaya ta ƙasa na ƙungiyar sau biyu a jere, 2008 da 2009, Fat Cat kuma tana 'yan taku kaɗan daga nan.

In babu kundi a hannu, ido ya isa. Leƙa ta taga. Ka ga mutane masu shekaru daban-daban, maza da mata, ana jin hira fiye da kiɗa, ga allo an rubuta abincin yau da alli, ga jerin famfunan hannu na zuba giya a kan kantar sayarwa? Shiga. Ka ga wuri wayam da ƙarfe bakwai na daren Juma'a, ko ƙarti zalla sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa? Wuce gaba. Gidaje da yawa kuma suna manna koriyar takardar tsafta ta hukumar abinci mai lamba daga 0 zuwa 5. Ni ƙasa da 4 ba na cin abinci.

Lokaci ma abin dubawa ne. Kicin yakan rufe kafin kanta, sau da yawa wajen ƙarfe tara, ranar Lahadi ma tun kafin nan. Zuwan farko ya fi daɗi da yammacin Talata ko Laraba, lokacin da ma'aikata ke da sararin amsa tambaya. Ranar babban wasa kuwa, in gidan yana kusa da filin ƙwallo, kada ka shiga da rigar ƙungiyar baƙi.

Shiga da neman wurin zama

Babu mai tarbarka a ƙofa, babu mai cewa sannu da zuwa ga kujera. Ni kaina a zuwana na farko na samu tebur na harɗe, na yi kusan minti ashirin ina jiran a zo a tambaye ni abin da nake so, ina ta jin haushin ma'aikatan gidan a zuci, sai wata dattijuwa a teburin kusa ta ji tausayina ta nuna mini kantar sayarwa da haɓa. Komai a kanta ake yin sa.

Saboda haka da ka shiga, nemi tebur wanda ba a ajiye takardar kamu a kansa ba, ka rataya rigar sanyinka a kujera, ka duba lambar teburin, wadda kan kasance a ɗan ƙarfe a kusurwa. In wuri ya cika, ba aibu ba ne ka tambayi masu babban tebur ko akwai mai wannan kujera. Sai dai tambayar dole ce, ko da kana ganin kujerar babu kowa. Doguwar kujerar da ke ƙarshen kanta kuwa, mai yiwuwa akwai dattijon da ya shekara ashirin yana zama a kanta. Bar masa kayarsa.

Riƙe katin shaida mai hoto, fasfo ko lasin tuƙi. Doka ta ce sai mai shekara 18 ake sayar wa giya, amma gidaje da yawa suna tambayar duk wanda a idonsu bai kai 25 ba, kuma mu baƙar fata sun sha kasa ƙiyasta shekarunmu. Yara suna shiga gidaje da yawa da rana tare da babba. Kowane gida da ƙarfen da yake cewa a fita da su.

Layin da ba a gani

Mutanen da suka shahara da bin layi a tashar bas da banki, a kanta ba sa yin layi. Kowa ya samu gurbi ya tsaya a jere, kafaɗa da kafaɗa. Amma layin yana nan, a kan ma'aikacin yake, kuma kowane mai jira ya san wanda ya riga shi. Aikinka shi ne ka tsaya kana fuskantar kanta, katinka a hannu, ka nemi haɗa ido da ma'aikacin, ka ɗan ɗaga gira ko ka yi murmushi. Shi ke nan. Ba a ɗaga murya, ba a kaɗa kuɗi, ba a buga kanta, ba a ƙyasta yatsa, uwa-uba ba a yin "sss" ɗin nan da muke kiran yaron mai shayi da shi. Wanda ya yi haka ya sayi jira da kuɗinsa.

In ma'aikacin ya juyo gare ka alhali ka san na gefenka ya riga ka, nuna shi ka ce shi ne a gaba. Wannan ɗan abu yana da daraja ƙwarai a wurinsu, kuma kai za a juyo wa nan take bayansa. Kafin ka zo ka riga ka san abin da kowa a teburinku yake so, ka faɗa gaba ɗaya, da don Allah a farko da na gode a ƙarshe. In akwai Guinness a ciki, fara faɗar ta, don zubinta biyu ne, sai an jira ta kwanta a tsakani. Nan take ake biya, galibi da taɓa kati. Wasu gidajen ma sun daina karɓar tsabar kuɗi. Kai za ka ɗauki kofunan zuwa tebur, in sun yi yawa ka nemi faranti ko ka yi sawu biyu.

Giyar ganga, da abin da ya sa ake yi mata wannan ɗoki

Ko ba ka sha, yana da kyau ka san wannan, don rabin hirar mashaya a kanta ake yi. Abin da suke kira real ale ni zan kira shi giyar ganga. Kayan haɗinta huɗu ne: ruwa, sha'ir da aka jiƙa ya tsira aka busar da wuta, furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof wanda ke ba da ɗaci da ƙamshi, sai yis. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa dawa ta tsira kafin a dafa burukutu a Filato ko kudancin Kaduna ya san tushen aikin.

Bambancinta da sauran shi ne rai. Giyar da aka fi sani an tace ta, sau da yawa an ɗumama ta don kashe yis, an rufe ta a tukunyar ƙarfe, gas ne ke tunkuɗo ta zuwa kofi. Tana iya daɗewa ba ta canza ba, kuma ɗanɗanonta ɗaya ne ko a ina. Giyar ganga kuwa tana barin masana'anta ba ta gama nuna ba, yis ɗinta da ransa, sai ta zo ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashayar take ƙarasawa. Mai gida zai kwantar da gangar, ya huda ta daga sama iskar da ta taru ta fita, ya buga mata famfo, ya bar ta ta huta kwana ɗaya ko fiye har laka ta kwanta. Ɗakin yana tsayawa tsakanin maki 11 zuwa 13 na ma'aunin Selsiyos, wato sanyin ruwan randa, ba na firji ba. Daga nan ne baƙi suka samo tsegumin cewa Ingilishi ɗumammiyar giya suke sha. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin galan 9, kofi 72 ke nan. Da an fara ɗiba iska ta fara shiga, kuma bayan kamar kwana uku sai ta kama hanyar tsami.

Ka ga dalilin da na ce a nemi gida mai jama'a. Lissafin mai nono ne: wadda ke da ciniki ba ta kwana da kaya. Giya ɗaya daga masana'anta ɗaya tana iya yin daɗi a wannan gida ta lalace a na gaba da shi, don rabin aikin a hannun mai kula da ɗakin ƙasan yake. Gidan da ya jera famfo goma sha biyu babu masu sha, bai kai mai famfo uku da ke juyawa kullum ba.

Za ka gane ta da dogon famfon hannu, wanda ma'aikaci ke ja da ƙarfin damtse kamar mai buga burtsatse. Injiniya Joseph Bramah ne ya yi rajistar wannan dabara tun 1797. Jikin kowane famfo akwai ɗan allo mai sunan giyar, masana'antarta da ƙarfinta cikin ɗari. In an juya allon yana kallon ciki, ta ƙare. Nau'in da ya fi yawa shi ne bitter, mai launin jan ƙarfe, ƙarfinta wajen kashi 4 cikin 100: London Pride ta kamfanin Fuller's a Chiswick 4.1 ce, Landlord ta Timothy Taylor daga Keighley 4.3, Sussex Best ta Harvey's a Lewes 4. Mild ta fi duhu da zaƙi da sauƙi. Porter da stout baƙaƙe ne masu ƙamshin gasasshen hatsi kamar gahawa. Golden da IPA sun fi haske da ƙamshin lemo, da ɗaci. Akwai kuma masu nauyi irin Old Peculier ta Theakston daga Masham, 5.6, wadda laushinta ke yaudarar mutane.

Ga yadda mai sha ke yi. Ya nuna famfon da ya ja hankalinsa ya nemi ɗanɗano. Gidan kirki zai zuba masa kurɓi ɗaya kyauta. Sau ɗaya ko biyu ake nema, ba a bi famfo shida ana kurɓa. Sannan ya faɗi ma'auni: fayint, wato mililita 568, ko rabi, 284. In ya faɗi suna kawai, fayint za a zuba. Ga baƙo rabi ya fi, don ya samu damar gwada iri biyu. A arewacin Ingila ana ɗaura wa bakin famfo wani ɗan rariya da ke ba da kumfa mai kauri kamar kindirmo. A kudu kumfar siririya ce, kuma musun wanne ya fi ba zai ƙare ba. In kumfa ta kwanta ka ga kofi bai cika ba, kana da damar cewa a ƙarasa maka, babu mai jin haushi.

Kafin a sha a ɗaga kofin ga haske, a sansana. Warin binega, ko gurɓata kamar ruwan kududdufi, alamar ta tsufa ce ko an kai ƙasan ganga. A mayar nan take cikin ladabi, za a canza. Sai dai a tambaya tukuna, don wasu masana'antun zamani da gangan suke barin tasu da hazo. Wanda ya shanye kashi uku cikin huɗu sannan ya dawo yana ƙorafi, ya san amsarsa. Hukumomin lafiya na Birtaniya kuma suna ba da shawarar kada a wuce awo 14 a mako, kimanin fayint shida na mai matsakaicin ƙarfi, kuma ba a dare ɗaya ba.

In ba ka sha

Ba kai kaɗai ba ne. Masu tuƙi da masu ciki da waɗanda suka daina suna nan cike. Abin da ya fi araha shi ne ruwan soda da ɗan zaƙin lemon tsami, lime and soda. Akwai Coca-Cola, ruwan lemo, ruwan 'ya'yan itace na kwalba mai suna J2O, kuma yawancin gidaje suna dafa shayi da gahawa. Ruwan famfo kyauta ne bisa doka a duk gidan da ke da lasin sayar da giya a Ingila, amma ka ce na famfo, in ba haka ba a buɗe maka na kwalba.

Tarkon yana cikin sunaye. Cider a Birtaniya ba ruwan tuffa ba ne, giyar tuffa ce, wata ma ta fi giyar ganga ƙarfi. Wannan ya kama ɗalibai sababbin zuwa ba ɗaya ba ba biyu ba. Shandy rabinta giya ce rabinta lemo. Ginger beer yawanci lemon citta ne kawai, amma akwai irin Crabbie's mai barasa, don haka duba kwalbar. Giyar da ake cewa marar barasa ma kala biyu ce: mai 0.0 da mai 0.5, kuma a rubuce yake a jiki. Wasu na shan ta farko, wasu suna gudun duka biyun. Ka san matsayarka tun daga gida.

Zagaye

Nan ne baƙo ya fi faɗawa rami ba tare da ya sani ba. In mutum huɗu suka zauna tare, ɗaya zai tashi ya sayo wa kowa. Da kofuna sun kusa ƙarewa, na biyu ya tashi. Haka har a zagayo. Adashi ne, ba kyauta ba. Mu da muka saba babba ya biya wa kowa, ko mai gayyata ya ɗauki nauyin baƙonsa, sai mu karɓa mu yi godiya mu zauna, mu sake karɓa mu sake godiya. Babu wanda zai ce maka uffan, amma an rubuta, kuma za a tuna har baɗi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Musulmi yana da matsala ta biyu a nan: in ya shiga zagaye, layi zai zo kansa ya sayi giya da kuɗinsa ya ɗauko ta da hannunsa. Mafita ita ce kada ka shiga tun farko. Da na farko ya tambaye ka me za a kawo maka, ce masa ka gode, za ka sayi naka da kanka. Magana ce da suka saba ji, ba ta ɓata wa kowa rai. In kana son nuna hannu, sayo wa tebur soyayyen dankali kwano biyu, ko fakitin busasshen soyayyen dankali da suke kira crisps ka farke shi a tsakiya kowa ya sa hannu, kamar yadda su ma suke yi.

Abinci

Oda a kanta ake yi, a faɗi lambar tebur, a biya, sannan a kawo maka. Cokali da wuƙa da su gishiri wani lokaci suna kan wani ɗan tebur a gefe, kai za ka ɗebo. Gidajen da suka mayar da hankali kan girki, waɗanda salonsu ya faro daga The Eagle a unguwar Farringdon ta Landan a 1991, sukan ware ɓangaren da ake zuwa tebur a ɗauki oda. In ka ga an shimfiɗa cokula da adiko, tambaya.

Sarkin abincin gidan shi ne gashin Lahadi: yankan naman sa ko rago ko kaza, gasasshen dankali, karas da kabeji, romo mai kauri, da wani kumburarren abu na fulawa da ƙwai da madara mai suna Yorkshire pudding, wanda duk da sunansa ba kayan zaƙi ba ne. Daga sha biyun rana ake farawa, a gida mai suna kuma kafin huɗu an sanar da ƙarewarsa, don haka a kama tebur tun ranar Alhamis. Sauran kwanaki akwai kifi da dankali, fai na nama, da farantin cuku da burodi da tsamin albasa da suke kira ploughman's.

Mai kiyaye halal sai ya buɗe ido sosai. Nama ba yankan Musulmi ba ne sai in an faɗa. Alade kuma yana ɓuya a bayan sunaye da yawa: gammon, ham, bacon, bangers, scotch egg, scratchings, pigs in blankets, black pudding kuwa da jini ake yin sa. Giya ma tana shiga tukunya. Ƙullin da ake tsoma kifi kafin a soya sau da yawa da ita ake dama shi, za ka ga an rubuta beer batter. Steak and ale pie sunansa ya faɗi abin da ke ciki, nama da giya. Romo kan zo da jar giyar inabi. Wasu gidajen arewa kuma da kitsen sa suke soya dankali. Tambaya ba abin kunya ba ce a nan, domin doka ta wajabta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, saboda haka sun saba da mai tambayar me aka sa a ciki. Abin da ke da harafin V babu nama a cikinsa, VG ko VE kuma babu komai na dabba, amma wannan bai kore giya ba. Abin da ba ya ba da wahala: gasasshen dankalin Turawa da cuku da wake ko kifin tuna, gasasshen kifi, taliya da cuku, miyar kori ta ganye. A kayan zaƙi, sticky toffee pudding da dabino ake yin sa, kuma na tabbata zai yi wa harshen Bahaushe daɗi; trifle kuwa a tambaya, don wani da barasa ake jiƙa shi.

Yaji dai babu. Wanda ya ga ɗan rawayan mustad na Colman's ya ɗauka abin wasa ne ya lafta, hancinsa zai ba shi labari.

Mai kewar suya ya nemi gidajen da ake kira desi pub a Smethwick da West Bromwich da Handsworth na yankin Birmingham, ko Southall a Landan, inda 'yan asalin Punjab ke riƙe da mashaya suna gasa nama da kaza da kayan yaji a kan farantin ƙarfe mai ƙauri. Suna da tarihi: a da akwai gidajen da ke hana baƙar fata da 'yan Asiya shiga wasu ɗakunansu, abin da Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Amurka, ya gani da idonsa lokacin da ya ziyarci Smethwick a Fabrairun 1965, kwana tara kafin a kashe shi. A shekarar ce aka yi dokar farko da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a. Sai dai masu gidajen galibi Sikh ne ko Hindu, don haka a nan ma a tambayi batun yanka.

Ba a ba da tukuici a kanta. In ma'aikaci ya kyautata maka, al'ada ita ce ka ce ya ɗauki ɗaya don kansa, sai ya ƙara ɗan kuɗi kaɗan a lissafi. Inda ake kawo hidima har tebur, musamman a Landan, duba takardar kuɗi, don wani lokaci an riga an ƙara kashi 12.5.

Zama, da tashi

A tsaye bakin kanta kana iya yi wa wanda ba ka sani ba magana. Kusan nan ne kaɗai Baturen Ingila ke yarda da haka. Yanayin sama, ƙwallo, karen da ke kwance, duk ƙofofin hira ne. Albashi, aure, addini da wa ka zaɓa, a bar su. In sun fara tsokanarka, alamar karɓuwa ce, irin wasan Katsinawa da Nufawa. Rama daidai gwargwado. A tebur kuwa mutane sun koma cikin gidansu, kada ka ja kujera ka shiga hirarsu. Kiran bidiyo zuwa gida da lasifika a buɗe, fita waje ka yi. Daren kacici-kacici ana kafa ƙungiyoyi a biya fam ɗaya ko biyu, kuma a nan wanda ya san manyan biranen Afirka yakan zama ɗan lele. Waya dai a aljihu take zama.

Taba sai a waje ko a lambun baya, tun 1 ga Yulin 2007 da aka hana sha a cikin gini a Ingila. Kada a bar kofi a tafi a dawo a ci gaba da sha, don gudun kada wani ya zuba wani abu a ciki. 'Yar'uwa kuma in wani ya takura miki, gidaje da yawa suna cikin wani tsari da za ki je kanta ki ce kina neman Angela. Ma'aikatan sun san nufin, za su raba ki da shi ba hayaniya. Sanarwar takan kasance a bangon ban-ɗakin mata.

Wajen sha ɗaya saura minti goma za ka ji an kaɗa ƙararrawa: odar ƙarshe ke nan. Ƙararrawa ta biyu, an rufe kanta, sai 'yan mintuna na ƙarasa abin da ke kofi. Tun 2005 doka ta ba gidaje damar neman ƙarin lokaci, amma na unguwa da yawa suna nan a kan sha ɗayansu, Lahadi kuma goma da rabi. Wanda ya sha, ya bar mota inda take. Iyakar doka a Ingila miligiram 80 ce na barasa a cikin mililita 100 na jini, a Scotland 50 tun 2014; wanda aka kama zai rasa lasinsa aƙalla shekara guda, kuma hukuncin yana iya taɓa takardun zamansa a ƙasar. Duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ka zauna, don a garuruwa da yawa bayan Landan ba ya wuce tsakar dare.

Da za ka fita, kwashi kofunan teburinku ka ajiye a kan kanta, ka ce wa ma'aikacin ka gode, sai da safe. Zuwa na uku ko na huɗu, kana tura ƙofa za ka ga ya miƙa hannu ga kofin soda da lemon tsami tun ba ka buɗe baki ba.